Mun Shanye Ruwan, Ina Ledar Ta Tafi? Sabbin Dabarun Mazubin Abin Sha

  A wannan makon za mu tattauna ne a kan abin da kowannenmu yake riƙewa a hannu kullum, amma ba kasafai muke tsayawa mu dube shi ba, wato mazubin abin sha: ledar fiya wata da robar lemo da gwangwani da kwalin jus da kwalba. Za mu ga irin dabarun da masana da kamfanoni suke ƙirƙirowa don rage ɓarnar da waɗannan mazubai suke yi wa muhalli, da kuma wacce daga cikinsu za ta iya yi mana aiki a nan gida.

Mu fara da ɗan lissafi, kowa ya ɗauko biro. A ɗauka makaranta ce mai ɗalibai 1,000, kowane ɗalibi yana shan ruwan leda biyu a rana. Leda 2,000 ke nan a yini, 10,000 a mako mai kwana biyar. A zangon karatu mai mako 13 an tara leda 130,000, a shekara mai zango uku kuwa 390,000. Wannan makaranta ɗaya ce tak, ba a sa kasuwa da tasha da gidan biki a lissafin ba. Shan ruwan bai wuce minti ɗaya ba, amma ledar tana nan shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Inda take ƙarewa kuwa duk mun sani. Iska ta kwashe ta zuwa kwata, ta haɗu da yashi da sauran shara ta toshe hanyar ruwa. Damina na sauka ruwa ya rasa hanya, ya shiga gidaje ko ya kwanta a lungu sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Awaki da tumaki da shanu suna haɗiye ta a bola, kuma mahauta shaidu ne kan irin dunƙulen ledar da suke tararwa a tumbin dabba. Wadda aka kai gona cikin takin bola tana hana saiwar shuka da ruwa ratsa ƙasa yadda ya kamata. Wadda aka cinna wa wuta kuma hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai masu cutar da huhu, musamman ga yara da masu ciwon asma.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Wani bincike da masana a Amurka suka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 duniya ta ƙera roba tan biliyan 8.3, kuma cikin wadda ta zama shara kashi 9 cikin 100 ne kawai aka sake sarrafawa. An ƙona kashi 12, saura kashi 79 suna jibge a juji ko warwatse a ƙasa da ruwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ce ana sayen robar abin sha kimanin miliyan ɗaya a duk minti ɗaya a faɗin duniya.

Sai dai a yi wa ruwan leda adalci. Ya samu karɓuwa ne saboda famfo ba ya zuwa a unguwanni da yawa, kuma shi ne ruwa mafi araha da talaka zai saya ya sha da ɗan kwanciyar hankali, musamman wanda yake da rajistar hukumar NAFDAC. Duk wanda ya ce a hana shi yau ba tare da ya kawo madadinsa ba, to ya tura mutane ne ga ruwan da zai iya jawo musu taifot da amai da gudawa. Don haka aikin da ke gabanmu shi ne yadda za a samu ruwa mai tsabta ba tare da an binne garuruwanmu cikin leda ba.

Daga gora zuwa roba

Kakanninmu suna da nasu mazuban. Matafiyi yana da gora ko salka, gida yana da tulu da randa da moɗa, mai fura da nono tana da ƙwarya da ludayi. Duk daga duma ko fata ko yumɓu aka yi su, ana amfani da su shekaru, idan sun fashe su koma ƙasa. Ku lura cewa har yau sunan gora muke ba robar ruwa, ga suna ya rage amma abin ya canja.

Robar lemo da muka sani yau ba ta daɗe a duniya ba. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ne ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1973. Ana kiran irin robar PET, kuma idan kuka juya gindin gora za ku ga lamba 1 a cikin alamar kibiyoyi uku. Ta yi nasara ne saboda ba ta da nauyi, ba ta fashewa idan ta faɗi, kuma tana riƙe iskar gas ɗin lemo. Aibinta shi ne daga man fetur da iskar gas ake samo sinadaranta, kuma ƙwayoyin halittar da suke ruɓar da ganye da takarda ba su iya cin ta. Rana da iska suna farfasa ta ne kawai ta zama ƙananan ɓarɓashi, waɗanda suke shiga ruwa da cikin kifi.

Ƙananan gyare-gyare masu babban tasiri

Dabara ta farko da kamfanoni suka bi ita ce rage yawan robar da ke jikin kowace gora. A Amurka nauyin gorar ruwa mai rabin lita ya ragu da kusan rabi tsakanin 2000 da 2014. Shi ya sa wasu gorunan yanzu suke lotsewa da an matsa su.

Ta biyu ita ce cire launi. Wanda ya lura zai ga robar Sprite da aka sani koriya ta koma fara garau a ƙasashe da dama. Dalilin shi ne farar roba ana iya niƙa ta a wanke a narka a sake yin sabuwar gora da ita, amma mai launi sai dai a yi zaren tufafi ko kafet ko igiyar ɗaure kaya, daga nan kuma da wuya ta sake dawowa gora. Koriya ta Kudu ta hana gorunan abin sha na PET masu launi tun ƙarshen 2019.

Ta uku ita ce murfi mai maƙale. Daga watan Yuli na 2024, dokar Tarayyar Turai ta wajabta cewa murfin robar abin sha da ba ta wuce lita 3 ba ya kasance a maƙale da wuyan gorar ko bayan an buɗe, saboda murafu suna cikin sharar da aka fi tsinta a bakin teku. Ba sabon tunani ba ne. A da, mabuɗin gwangwanin lemo ɓallewa yake yi gaba ɗaya a jefar, yana yankar ƙafar mutane, har sai da aka ƙirƙiro wanda yake zama a jikin gwangwanin a tsakiyar shekarun 1970. Ita dai wannan doka ta Turai ta ce daga 2025 kashi 25 cikin 100 na robar da ake yin gorunan PET ya zama daga tsohuwar roba, daga 2030 kuma kashi 30 ga dukkan gorunan abin sha.

Ga wani gwaji da za ku iya yi a ɗakin gwaje-gwaje ko a gida. Ku yanko ɗan guntun jikin gora da almakashi, ku haɗa shi da murfinta ku jefa a kofin ruwa. Guntun gorar zai nutse, murfin zai taso sama. Dalili shi ne ba roba iri ɗaya ba ce: PET ta fi ruwa nauyi, robar murfin kuwa, mai lamba 2 ko 5, ruwa ya fi ta nauyi. Da wannan dabarar ce manyan masana'antu suke raba su bayan an niƙa. Darasin nauyin abu gwargwadon girmansa da ake koya muku a fizis ke nan yake aiki a masana'anta.

Takarda da rake da masara

Kwalin jus da na madara ya samo asali ne daga ƙasar Suwidin, inda Ruben Rausing ya kafa kamfanin Tetra Pak a 1951. Amfaninsa a ƙasa irin tamu mai ƙarancin wutar lantarki babba ne, domin abin sha yana yin watanni a cikinsa ba tare da firji ba. Amma ku yaga ɗaya ku duba cikinsa. Kusan kashi uku cikin huɗu ne takarda, saura leda ce da siririn alminiyum da aka manna a jere don hana iska da haske shiga. Raba su yana buƙatar injina na musamman, inda babu su kuwa kwalin bola zai tafi dungurungum. A 2023 kamfanin ya fito da kwalin madara a ƙasar Fotugal wanda aka maye gurbin alminiyum ɗinsa da wata takarda ta musamman, don a sauƙaƙa sarrafa shi.

Akwai kuma masu ƙoƙarin yin gora sukutum da takarda. Wani kamfani a Denmak mai suna Paboco ya haɗa kai da Coca-Cola, suka gwada goruna 2,000 a ƙasar Hangari a 2021. Sai dai takarda ba ta jure ruwa, don haka dole aka sa siririyar roba a cikinta, murfin ma na roba ne. An rage roba, amma ba a rabu da ita ba, an gudu ba a tsira ba ke nan. Har yanzu ana kan aikin rage wannan shimfiɗa ta ciki.

Sai robar da ake yi daga tsirrai, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. A 2009 Coca-Cola ya fito da gorar da ya kira PlantBottle, wadda har kashi 30 cikin 100 na sinadaranta daga rake aka samo. Wannan ya rage amfani da man fetur, amma gorar PET ce kamar kowacce, idan aka jefar da ita a kwata ba za ta ruɓe ba. Akwai wata robar kuma mai suna PLA da ake yi daga sitacin masara ko sikarin rake, wadda ake cewa tana ruɓewa. Gaskiya ne tana ruɓewa, amma sai a wurin yin taki na masana'anta mai zafin da ya kai digiri 58 zuwa 60 da danshi na tsawon makonni. A bola ko a cikin kogi za ta daɗe tana nan. Idan kuma ta cakuɗa da PET a wurin niƙa tana ɓata ingancinta. Ga kuma tambayar da ta shafe mu kai-tsaye: a ƙasar da masara abinci ce, kuma tsadarta take hana wasu gidaje ɗora tukunya, ya dace a mayar da ita gora? Shi ya sa masu bincike suka karkata ga abin da ba a ci, kamar ɓawon rake bayan an matse da karan hatsi.

Darasi a nan shi ne kada hoton ganye ko koren rubutu a jikin gora ya ruɗe mu. Wani lokacin kyan ɗan maciji ne.

Mazubin da ake haɗiyewa

Wata ƙirƙira da ta ja hankalin duniya daga hannun ɗalibai ta fito. Rodrigo García González da Pierre Paslier sun haɗu ne suna karatun digiri na biyu a Landan, suka yi wata 'yar jaka mai kama da ƙwan da aka ɓare, wadda suka sa wa suna Ooho. Daga ciyawar teku ake samo sinadarin, idan ya haɗu da gishirin kalsiyum sai ya daskare ya zama siririyar fata da take riƙe ruwa. Mutum zai iya jefa ta baki ya fasa ya haɗiye har fatar, idan kuma ya tofar za ta ruɓe cikin mako huɗu zuwa shida kamar ɓawon lemo. A gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Landan a 2019 an raba wa 'yan tsere fiye da guda 30,000. Kamfaninsu mai suna Notpla ya ci kyautar Earthshot ta Yarima William a 2022, mai ɗauke da fam miliyan ɗaya.

To za ta iya maye gurbin fiya wata? Ba yanzu ba. Kurɓi ɗaya take ɗauka, kwanaki kaɗan take yi kafin ta lalace, kuma abin da za a sa a baki dole a kare shi daga ƙura da hannaye, wanda hakan yana nufin sai an nemo masa wani mazubin. Ku kwatanta ta a bokitin mai talla a tasha cikin zafin watan Afrilu. Ta dace da filin wasa da taro, inda ake yi a sha nan take. Duk da haka abin koyi ne, domin gwajin farko a kicin suka yi shi da kayan da ba su da tsada.

Indiya kuma baya ta waiwaya. A 2004 ministan jiragen ƙasa na lokacin, Lalu Prasad Yadav, ya umarci a riƙa sayar da shayi a tashoshi cikin ƙananan kofunan yumɓu da suke kira kulhar, don rage kofin roba da samar wa magina tukwane aiki. Wannan ya tuna mana da Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, wanda ya sa ƙaramar tukunya cikin babba ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya samar da firjin da ba ya buƙatar wuta. Yayin da ruwan yashin yake bushewa yana janye zafi daga tukunyar ciki, sirrin sanyin ruwan randa ke nan. Ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Sabuwar dabara ba dole sai daga Turai take zuwa ba.

Gwangwani da kwalba da kuɗin kwalba

Gwangwanin lemo da alminiyum ake yin sa, shi kuma daga dutsen boksait ake tace shi, wanda ƙasar Gini a nan Afirka ta Yamma take cikin manyan masu haƙo shi. Tace sabon alminiyum yana cin wutar lantarki sosai, amma narka tsoho yana buƙatar kashi 5 ne kawai cikin 100 na wannan makamashin, kuma ana iya narka shi sau ba adadi ingancinsa bai ragu ba. Ƙasar Brazil tana dawo da fiye da kashi 95 cikin 100 na gwangwanayenta, akasari ta hannun masu tsintar shara. Mu ma da wuya ku ga gwangwanin lemo ya kwana biyu a titi, domin 'yan gwangwan suna saye, maƙera su narka su yi tukwane da ludayi. Ku riƙe wannan: abin da yake da kuɗi ba ya zama shara.

Kwalba kuwa sai an kai zafi wajen digiri 1,500 kafin a narka yashi da sauran kayan haɗinta, ga ta da nauyi a mota. Idan sau ɗaya aka yi amfani da ita aka jefar, ta fi roba cin makamashi. Ribarta tana cikin maimaici. A Jamus kwalba ɗaya tana iya komawa kamfani a wanke a sake cika ta har sau 50. Ku tambayi iyayenmu, za su gaya muku cewa a da ba a fita da kwalbar lemo daga shago sai an kawo wata ko an ajiye kuɗin kwalba, kiret kuma mota ce take zuwa ta kwasa. Har yau tsarin yana nan a wasu shaguna, sai dai roba ta ci kasuwarsa.

Abin mamaki shi ne wannan tsohon tsari namu shi ne ya fi kowace sabuwar ƙirƙira tasiri a ƙasashen da suka riƙe shi. A Jamus tun 2003 doka ta ɗora kuɗin ajiya a kan gorunan roba da gwangwani, yanzu senti 25 na Yuro ne kan kowane ɗaya. Idan ka shanye sai ka kai babban kanti ka zura a na'ura, ta karanta lambar jikinsa ta ba ka rasit ka karɓi kuɗinka. Fiye da kashi 95 cikin 100 suna dawowa. Nowe ma haka take yi, kuma a can ne aka kafa kamfanin TOMRA mai ƙera irin waɗannan na'urori a 1972. A Brazil kuma Coca-Cola ya fito da gorar roba mai kauri iri ɗaya ga lemukansa daban-daban a 2018, wadda ake dawo da ita a wanke a canja takardar jiki a sake cikawa har sau 25.

Ga masu sha'awar bayoloji, akwai wani fagen da ya buɗe. A 2016 masana a Japan sun ba da rahoton gano wata ƙwayar bakteriya a kusa da wurin sarrafa tsofaffin goruna a birnin Sakai, wadda take iya narkar da PET ta ci. A 2020 kamfanin Carbios na Faransa ya nuna wani sinadarin enzayim da aka inganta, wanda ya warware kashi 90 cikin 100 na PET cikin awa 10, ya mayar da ita ainihin sinadaran da aka haɗa ta da su, har a iya yin sabuwar gora fara daga mai launi. Amma ko wannan sai an tattaro gorunan an kai masana'anta. Babu wanda zai fesa shi a kwata ya narkar da shara.

Mu dawo gida

Me ya sa ake tsince gwangwani da gora amma a bar leda? Ledar fiya wata roba ce mai lamba 4, ana iya narka ta, kuma a gaskiya robar da ke jikinta ba ta kai ta gora ba. Matsalar ita ce ba ta da nauyi, sai an tara ɗaruruwa kafin su cika kilo ɗaya, ga ƙasa da datti da suke maƙale mata da zarar ta faɗi. Ɗan jari-bola zai wuni yana sunkuyo bai samu na abinci ba. Amma idan an tara ta wuri ɗaya da tsabta tun farko, tana da masu saye. A Kano akwai ƙananan masana'antu da suke niƙa tsohuwar roba da leda su narka, a yi buta da bokiti da silifa.

Wasu kuma sun mayar da ita sana'a. A Akara ta Ghana, Trashy Bags sun daɗe suna wanke ledojin ruwa suna ɗinka jakunkuna da su. A Ibadan, Adejoke Lasisi tana yanka su siri-siri ta saƙa su tare da zare a masaƙar gargajiya. A Legas, Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa Wecyclers a 2012, suna bi gida-gida da kekuna suna karɓar roba suna ba mutane maki da za su canja da kayan amfani. A Kenya, Nzambi Matee tana haɗa narkakkiyar roba da yashi ta yi bulon daɓen tsakar gida. A ƙauyen Sabon Yelwa kusa da Kaduna kuma, ƙungiyar DARE ta gina gida a 2011 da dubban gorunan roba da aka ɗura wa yashi aka jera kamar tubali. Dokoki ma suna tafe: Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Legas kuma ta hana fararen mazuban abinci na tek-awe a watan Janairun 2024.

Sai dai duk waɗannan magani ne bayan ciwo ya kama. Rigakafin shi ne a rage jefarwa tun farko. A wasu unguwannin talakawa na Nairobi an kafa na'urorin sayar da ruwa da kati a 2015, mutum ya zo da jarkarsa ya ɗura ya biya kuɗi kaɗan. Makaranta mai tankin ruwa mai tsabta da famfo, kowane ɗalibi da gorarsa, ta kashe waccan leda 390,000 ba tare da jiran wata ƙirƙira daga waje ba.

Akwai kuma gargaɗi biyu game da tsohuwar gora. Iyayenmu mata masu zoɓo da kunun aya sun daɗe suna sake amfani da ita, kuma sana'ar tana biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. Amma gorar da aka tsinto a bola ko kwata ba ta dace da abin sha ba. A nemi wadda aka san inda ta fito, a wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta har murfin, a kife ta bushe. Kada a zuba mata tafasasshen ruwa, domin PET tana fara motsewa da zafi ya kai wajen digiri 70. Na biyu, kada a taɓa ajiye kalanzir ko fetur ko fiya-fiya a robar lemo a inda yara suke. Ƙaramin yaro gorar ya sani, bai san abin da ke ciki ba.

Tambayoyi uku da aikin wannan mako

Duk lokacin da kuka ji an ce an ƙirƙiro sabon mazubi mai kare muhalli, ku auna shi da tambayoyi uku. Da me aka yi shi? Sau nawa za a yi amfani da shi kafin a jefar? Idan an jefar da shi a garinmu, ba a Jamus ba, wa zai ɗauke shi kuma ina zai kai shi? Mazubin da ya kasa amsa ta uku bai warware mana komai ba, komai kyansa a hoto.

Ga aikin da muke ba ƙungiyoyin kimiyya da na muhalli na makarantunku. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku ajiye buhu uku a kusa da masu sayar da abinci: ɗaya na leda, ɗaya na gora, ɗaya na gwangwani. Bayan mako biyu ku ƙirga ku auna a sikeli, ku tambayi mai sayen kayan jari-bola na unguwa nawa yake biyan kilon kowanne, ku lissafa abin da makaranta za ta samu a zango. Ku sa safar hannu ko ku wanke hannu da sabulu bayan aikin. Masu ƙungiyar muhawara kuma ga maudu'i: a hana ruwan leda, ko a ɗora masa kuɗin ajiya kamar na kwalba? Ku aiko mana da sakamakonku ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan makaranta da aji, za mu buga waɗanda suka fi tsari.

Ku da kuke tunanin abin da za ku karanta a jami'a, ku sani har yau babu wanda ya samar da leda mai araha da za ta riƙe ruwa a zafin ƙasarmu, sannan ta ruɓe idan an jefar. Aikin masana kemistiri ne da injiniyoyi da masana noma da na tattalin arziki, kuma kemistiri da fizis da lissafin da kuke yi yanzu su ne matakin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu lafiya.